Maigida, ka faɗa wa iyalinka halin da ake ciki

Duk wanda ke riƙe da gida a Katsina daga 2019 zuwa yau ya ga jarrabawa iri-iri, ba a sauke wannan ba wata ta hau. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, masu cin abinci a hanyar Jibiya zuwa Maraɗi da ta Kwangwalam zuwa Damagaram suka wayi gari ba sana'a. Ba a farfaɗo ba korona ta shigo, aka kulle mutane a gida. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A Maris na 2021 gobara ta cinye wani babban sashe na babbar kasuwar Katsina, a Satumbar shekarar kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama. Farkon 2023 mutum na da kuɗinsa a banki amma tiyar gero ta gagare shi saboda canjin kuɗi. Ranar 29 ga Mayun shekarar aka cire tallafin mai, litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A Yulin 2023 sojoji suka karɓe mulki a Nijar, aka sake garƙame iyaka har Maris na 2024.

Duk waɗannan an tattauna su a majalisa, an yi ta kiran waya a gidajen rediyo, an cika Facebook da su. Abin da ba mu cika taɓawa ba shi ne yadda wahalar ke zama idan ta tsallaka zaure ta shiga cikin gida. Ni a ganina, yawancin gidajen da suka watse a shekarun nan ba yunwa kaɗai ta watsa su ba. Akwai gidajen da suka fi su rashi, suna nan a haɗe har gobe. Abin da ya fi rusa mu shi ne maigida ya shiga matsi ya yi gum, ya ɓoye wa matarsa, ya ɓoye wa manyan 'ya'yansa da 'yan'uwansa, har sai ranar da abin ya fashe a bainar jama'a.

Kowa ya san yadda abin ke tafiya. Jari ya fara karyewa, ko albashi ya daina kai tsakiyar wata. Maigida ba zai ce komai ba, sai dai kuɗin cefane su ragu ba bayani. Matar da aka saba ba dubu uku aka miƙa mata dubu ɗaya da rabi, fuska a murtuke, me ake so ta ɗauka? Za ta ce rowa ce ta same shi, ko kuwa aure yake nema. Shi kuma don gudun a ce babu sabulu, babu gawayi, an koro yara daga makaranta, sai ya daina dawowa da wuri. Ya yi isha'i a masallaci ya zarce majalisa, sai ya tabbatar kowa ya yi barci sannan ya shigo. A waje kuwa bashi na ta hawa: na mai shago, na mai POS, na abokin aiki, ga kuma na manhajojin waya masu ba da rance da ruwa, waɗanda in ka makara suke bin lambobin da ke wayarka suna aika wa mutane saƙon tozarci. Ta haka wata matar ke jin labarin mijinta, daga bakin ƙawarta ko ƙanenta. Daga nan sai yaji, sai biko, sai gaban Hisba ko gaban alƙali. A takarda za a rubuta rashin ciyarwa. Amma in aka bi diddigi, mutum biyu ne da suka kwashe watanni a ɗaki ɗaya ba wanda ya san abin da ke cin ɗan'uwansa.

Na san dalilin da ke sa maza yin haka, kuma ban raina shi ba. Tun muna yara ake ce mana namiji ba ya kuka, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mutum na tsoron ranar da ya ce wa matarsa "ba ni da shi", daga ranar raini ya shiga. Yana tsoron ta kwashi maganar ta kai gidansu, surukai su fara yi mashi kallon wanda ya kasa. Kuma gaskiya ne akwai matan da ba su da ciki, abin da aka faɗa masu da dare, kafin azahar ya zaga unguwa. To amma mu auna. Macen da za ta raina ka don ka gaya mata gaskiya, yaya za ta yi ranar da mai bin bashi ya yi sallama a ƙofar gida yana ɗaga murya? Rainin da ake gudu yana nan tafe, ɓoyon jinkirta shi kawai yake yi, ya kuma haɗo shi da zargin ƙarya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wasu kuma addini suke kafa hujja da shi, su ce ai haƙuri aka umarce mu, kai kuka ga wanin Allah raunin imani ne. Haƙuri wajibi ne, babu ja. Sai dai mu dubi wanda ya fi kowa haƙuri. Lokacin da wahayi ya fara sauko wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauko daga kogon Hira zuciyarsa na bugawa, wurin wa ya nufa? Wurin Nana Khadija. Ya ce a lulluɓe shi, ya ba ta labarin abin da ya gani, ya ce mata ya ji wa kansa tsoro. Ita ta kwantar mashi da hankali, ita ta kai shi wurin Waraƙa. A Hudaibiyya, da al'amari ya yi wa sahabbai nauyi, shawarar Ummu Salama ya bi aka samu mafita. A Suratuɗ Ɗalaƙ Allah Ya ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah Ya ba shi. Ashe ƙunci hali ne da shari'a ta san da zamansa, ba abin kunya ba ne da za a rufe da bashi mai ruwa. Akwai ma hadisin Ƙabisa a Sahihu Muslim, inda aka lissafa mutum uku da roƙo ya halatta gare su. Ɗaya daga ciki shi ne wanda talauci ya kama har mutum uku masu hankali daga cikin mutanensa suka shaida haka. Ta ina mutum ukun za su shaida, in su ma ya ɓoye masu?

Kakanninmu da suka ga yunwar Kakalaba a 1914, da iyayenmu da suka ga farin 1973 zuwa 1974, sun sha wahalar da ta fi tamu ta wasu fuskoki. Amma arzikin gida a lokacin a rumbu yake, rumbun kuma a tsakar gida. Matan gida sun ga dami nawa aka shigo da shi da kaka, sun san ranar da aka fara taɓa na ƙasa, tun kafin bazara kowa ya san ko za a kai sabon gero ko ba za a kai ba. Saboda haka rage awo ba ya zama faɗa, kuma tafiyar samari ci-rani shawara ce ta gida. Yau arzikin yana cikin waya, da lambar sirrin da mutum ɗaya ya sani. Mace na iya shekara ashirin da miji ba ta san albashinsa ba, ba ta san wa yake bi ba, ba ta san wa ke binsa ba.

Wannan a Katsinar yau ganganci ne. Mutum na iya fita da safe zuwa kasuwar Batsari ko ta Jibiya, a tare hanya, a yi daji da shi. Yana iya faɗuwa a wurin aiki, hawan jinin da bai taɓa aunawa ba ya shanye mashi ɓarin jiki. A wurin jana'iza za a yi shela, duk mai bin mamaci bashi ya ga wane. Masu bi za su zo, wasu da gaskiya, wasu da ƙari. Waɗanda shi yake bi kuwa, sai mai tsoron Allah a cikinsu. Marayu su rasa ta kowane ɓangare, don babu takarda, babu wanda aka gaya wa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, amma mu muna ganin in ka ce wa ɗan'uwanka a rubuta kamar ka zarge shi ne.

Akwai wani maƙwabcinmu, mai shago a kasuwa, da gobarar babbar kasuwa ta 2021 ta shafa. Ya daɗe yana fita kullum da safe kamar mai zuwa shago, alhali zaman rumfar abokinsa yake. Da abin ya kai maƙura ya zaunar da uwargidansa ya faɗa mata komai. Shi da bakinsa ya ba mu labari, ya ce abin da ta fara cewa shi ne, "Haba Malam, ai da ka faɗa mani tun kafin azumi da ban yi wa yaran nan ɗinki biyu-biyu ba." Ta sayar da tumakinta, ta ɗauki kwasar adashinta, ta ce ya kafa tebur. Ba na cewa kowace mace haka za ta yi, ko kowace na da abin bayarwa. Amma watannin da ya yi yana ɓoyo, gidan na kashe kuɗi ne a kan arzikin da babu shi.

A nan dole in tsaya in yi wa 'yan'uwana maza magana mai ɗaci. Faɗa wa mace gaskiya ba lasisin cinye mata dukiya ba ne. Akuyarta, keken ɗinkinta, 'yan kunnenta na zinari, ribar awara ko ƙuli-ƙulin da take yi a cikin gida, duk nata ne a shari'a, ciyarwa kuma a wuyanka take ko da ta fi ka kuɗi. In ta ba ka, a fayyace tun a wurin: kyauta ce ko rance? In rance ne a rubuta, a sa rana. Mata da yawa sun daina taimakon mazajensu ne saboda abin da suka gani da idonsu: mace ta sayar da kayan ɗakinta ta tayar da miji, da ya samu ya miƙe sai ya saka mata da kishiya, kuɗinta kuwa ko a baki. Duk namijin da ya yi haka, ya toshe wa maza goma ƙofa.

Sai batun baƙinmu, waɗanda ba baƙi ba ne, jininmu ne. Mutanen da 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyukan Batsari, Safana, Ɗanmusa, Jibiya, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Ɗandume, mafi yawansu ba a sansani suke ba. Suna gidajen 'yan'uwa a Katsina da Dutsin-ma da Funtuwa, wasu a kangaye da gine-ginen da ba a gama ba. Yawanci gidan mutum ɗaya ake sauka, wanda ake ganin shi ne ya yi boko, shi ke ɗaukar albashi. Wataƙila malamin firamare ne ko ƙaramin ma'aikaci. Mafi ƙarancin albashin da dokar ƙasa ta sa a Yulin 2024 naira 70,000 ne, a shekarar da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Gidan mutum bakwai ya koma na mutum goma sha takwas a dare ɗaya. Kunya ba za ta bar shi ya ce wa sauran dangi kayan sun yi mashi nauyi ba. Matarsa, wadda ita ke tuƙa tuwon, ita ke raba tabarma, ita aka hana sakewa a ɗakinta, ba wanda ya nemi shawararta. Bayan 'yan watanni sai a fara jin "matar wane ba ta son dangin miji". Zalunci ne wannan magana, kuma zumunci da yawa ya mutu a kanta.

Abin da ya kamata, a makon farko a kira taron dangi, har da na Kano da Kaduna da Abuja ta waya. A faɗi adadin mutanen, a faɗi abin da suke ci a wata. Kawu ya ɗauki buhun masara, Gwaggo ta ɗauki yara biyu su zauna wurinta, Yaya da ke Abuja ya ɗauki kuɗin makaranta, mai shago ya ja saurayi ɗaya a jiki. Kuma a sa ranar da za a sake zama, don alkawarin da aka yi cikin tausayi yakan yi sanyi bayan wata biyu. Manzon Allah ya yabi Ash'ariyyawa, mutanen Abu Musa, saboda in abincin iyalansu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa a mayafi ɗaya, su raba daidai da mudu ɗaya. Ya ce su nasa ne, shi nasu ne. Ba za a tara a mayafi ɗaya ba sai kowa ya fito da abin da ke gare shi, ya kuma faɗi abin da ba shi da shi.

Wanda aka ɗauke wa mutum aka nemi kuɗin fansa, ba ni da bakin yi mashi wa'azi. Wanda bai ji muryar ɗansa a waya ana dukansa ba, bai san abin da zai aikata ba. Roƙona ɗaya ne: kada mutum ɗaya ya yanke shawarar abin da za a sayar shi kaɗai cikin firgici. Masu sayen gona a irin wannan rana sun san kana cikin wuta, rabin kuɗi za su taya. In dangi sun zauna, wani zai tuna cewa jingina ta fi sayarwa, babur da firji da waya su fara tafiya kafin gona da shanun huɗa, don abin da za a ci bayan an dawo yana cikin gonar. In kuma Allah Ya kuɓutar da mutum, kada a ɗauka magana ta ƙare da barka. Wanda ya yi makonni a daji yakan dawo da firgita, da rashin barci, da saurin fushi, wani ya daina magana. Matan da aka sako su ne suka fi shan wuya, don bayan abin da suka gani sai kuma raɗe-raɗin mutane. A yi masu addu'a, a kuma kai su asibiti. Akwai likitocin lafiyar ƙwaƙwalwa a cikin garin Katsina, kuma tun Janairun 2023 ƙasar nan ke da sabuwar dokar kula da masu irin wannan larura, wadda ta maye gurbin ta 1958. Zuwa wurinsu ba shi ke nuna mutum ya haukace ba.

Waɗanda shirun manya ya fi kashewa su ne ƙanana. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da sanarwar cewa a watanni shida na farkon 2025 yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina sakamakon tamowa. Wannan adadin waɗanda aka kai ne. Talauci da rashin tsaro da janyewar tallafin ƙasashen waje su ne tushen abin, ban musa ba. Amma a cikin gida ma akwai abin dubawa. A al'adarmu kwanon maigida ake fara zubawa, in da ɗan nama ko kifi can zai tafi, yaron da aka yaye kuwa a ba shi tsinkakken kunu. A gidan da aka zauna aka yarda cewa abinci ya yi kaɗan, ana iya cewa daga yau ɗan wake da gyaɗa da zogalen da aka samu, na yaye da mai shayarwa da mai ciki ne farko. A gidan da ake riya cewa komai lafiya, wa zai kawo wannan shawara? Uwa na ganin ƙafar ɗanta na kumbura, tana tsoron ta nemi kuɗin kurkura zuwa asibiti a hau ta da faɗa, sai ta jira har abin ya wuce gyara.

Manyan 'ya'ya ma a daina mayar da su jarirai. Saurayi ɗan shekara sha bakwai da aka ce wa "babu" ba bayani, zai ɗauka ba a damu da shi ba ne, ya tafi inda za a saurare shi, kuma mun san su wa ke jiran irinsa a lungu. In aka zaunar da shi aka ce ga abin da ke shigowa, ga abin da ke fita, zangon nan za a mayar da kai makarantar gwamnati, da yamma ka riƙa zuwa garejin Kawunka, zai ji ciwo, amma zai ji an ɗauke shi mutum.

Biki kuwa ba sai na ja ba. Anko kala uku, akwatunan lefe, kamu, liyafar dare, ragon suna na bashi, duk don kada a gane. An riga an gane, kowa a cikin halin yake. Gida biyu su zauna su faɗa wa juna ƙarfinsu, a ɗaura aure a kai amarya.

Wani zai ce na sauke wa gwamnati kaya na ɗora wa talaka. Ban sauke ba. Tsare rai da gona haƙƙi ne a wuyan masu mulki, kuma za su amsa tambaya a kansa. An kafa rundunar tsaron al'umma ta jiha a 2023, an yi zaman sulhu a ƙananan hukumomi da dama a 2025, mutane sun rabu a kan ko hakan zai ɗore. Mu ci gaba da matsa masu da baki da ƙuri'a. Sai dai tukunyar yau ba za ta jira su ba. Malamanmu kuma ina roƙonsu, yadda ake yawan yi wa mata wa'azin haƙuri da miji a lokacin babu, a riƙa haɗawa da yi wa maza wa'azin gaskiya da shawara. Limamin unguwa da mai unguwa su ne suka fi dacewa su zama cikin masu shaida ukun nan na hadisin Ƙabisa, waɗanda magidanci zai iya buɗe wa cikinsa ba tare da ya ji a majalisa ba, su kuma san inda za su tura zakka da sadaka tun kafin mutum ya kai ga miƙa hannu a titi.

Yadda za a yi zaman ba wuya. A bari yara su kwanta, a zauna ba cikin fushi ba, ba kuma a ranar da aka nemi wani abu aka rasa ba. A faɗi adadi, kada a tsaya a "abubuwa sun yi wuya", don kowa ya san sun yi. Ga abin da ke shigowa, ga bashin da ke kaina, ga wanda nake bi, ga abin da nake ganin za mu ajiye, ke me kika gani? Mai mata biyu ko uku ya haɗa su wuri ɗaya in zamansu ya ba da haka. In bai ba da ba, ya bi su ɗaya bayan ɗaya a mako guda, kuma adadin da ya faɗa wa uwargida shi zai faɗa wa amarya, don za su gwada, ko ta bakinsu ko ta bakin 'ya'yansu. Sannan a sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, a rubuta sunan kowane mai bi da wanda ake bi, nawa ne, yaushe aka yi za a biya, wa ya shaida. A ajiye shi inda uwargida ta sani, a kuma nuna wa babban ɗa ko wani ɗan'uwa amintacce, duk lokacin da aka biya wani abu a soke a sa kwanan wata.